Kafin a fara maganar tseren mota a titunan Legas, a duba abin da ya faru a Montjuic

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni makanike ne a Agege, kuma dan Allah ina so a bani fili in yi magana kan wani abu da yake damuna. Yaranmu yanzu sun ɗauki wasan mota da gudu da manyan babura kamar wani abin ado, da daddare a gadar Third Mainland ko hanyar Lekki, wasu har cewa suke wai me zai hana a rufe titi a shirya tsere irin na Turai. To an taɓa yi a wani wuri kuma yana da kyau mu san yadda aka ƙare.

Masu kallon ƙwallo sun san filin da Barselona ta koma wasa a 2023 lokacin da ake gyaran Camp Nou, to tudun da filin yake a kai, a birnin Barselona na ƙasar Sifaniya, sunansa Montjuic, wurin shaƙatawa ne mai lambuna da bishiyoyi, kuma titunan cikinsa ne aka mayar hanyar tsere tun 1933. Tsawon zagaye ɗaya bai kai kilomita 4 ba, ga hawa ga gangara ga kwana, direbobi suna sonta sosai saboda sai gwani. Sau huɗu aka yi babbar gasar Formula 1 ta Sifaniya a wurin, 1969, 1971, 1973 da 1975. Tun a 1969 alama ta nuna, fiffiken bayan motocin direbobi biyu, Graham Hill da Jochen Rindt, wato abin da ake kafawa don iska ta riƙa danne mota a kan titi, ya karye suka yi mummunan hatsari, Allah ya yi da sauran kwana.

Amma na 1975 shi ne yake tsaya min a rai. Direbobi da suka zagaya suka ga shingen ƙarfen da aka kafa gefen titi ba a ɗaure shi da kyau ba, wani wurin babu noti ma, wani wurin da hannu kawai aka murɗa. Suka ce ba za su hau ba. Maimakon a saurare su sai masu shirya gasar suka fara barazanar kotu, ga maganar za a riƙe motocinsu. Makanikai, 'yan'uwana a sana'a, su suka ɗebi sifana suka bi titi suna ɗaure noti da kansu, abin da ba aikinsu ba ne. Emerson Fittipaldi wanda shi ne zakaran duniya a lokacin ya ce shi dai ba da shi ba, ya tafi abinsa, kuma wallahi ina ganin girmansa kan wannan. Ranar 27 ga Afrilu aka yi tseren, Rolf Stommelen yana kan gaba fiffiken motarsa ya ɓalle, motar ta tsallake shinge ta faɗa kan mutane, aƙalla mutum 4 suka mutu, shi kuma ya karye. A zagaye na 29 aka tsayar, aka ba Jochen Mass nasara da rabin maki. Daga ranar Formula 1 bata sake komawa Montjuic ba, babura ne suka ci gaba har 1986.

Wannan fa ƙasa ce da take da kuɗi da asibitoci da 'yan kwana-kwana a tsaye. Mu nan fa? Titin da mai talla da ɗan acaba da ɗan makaranta duk suke bi, wa zai tsaya ya duba noti ɗaya bayan ɗaya?

Ni ban ce a hana yara son mota ba, nima son motar ne ya kawo ni gareji. Roƙona ga gwamnatin Legas da masu hannu da shuni shi ne a nemi fili can wajen gari, ta Epe ko Badagry, a gina hanyar tsere ta gaskiya da shinge mai nisa da 'yan kallo da motar asibiti a kusa, kuma duk ranar da direba ko makanike ya ce wuri kaza bai yi ba, a tsaya a gyara kafin a tada mota. Iyaye da sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da Idi Araba kuma dan Allah a ja kunnen samari kan wasan mota ranar biki.

Nagode.

Wani makanike, Agege, Legas