Fitsarin kwancen ƙananan yara ba laifi ba ne da za a hukunta su a kai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ke tayar da hankalin gidaje da yawa kowace safiya, amma ba kasafai ake kawo shi a shafin kiwon lafiya ba, wato fitsarin kwance na yara 'yan shekara biyu zuwa huɗu waɗanda suka riga suka iya neman fo ko zuwa bayi da rana. Iyaye da dama suna ganin cewa tun da yaro ya iya cewa "Umma, zan yi fitsari" da rana tsaka, to jiƙa shimfiɗar da yake yi da dare ganganci ne ko ƙiwuya, kuma bisa wannan zato ake yi wa yara tsawa, ake dukansu, ake kunyata su a gaban 'yan'uwansu. Wannan zato kuskure ne, yaran kuwa ba su da bakin da za su kare kansu.

Riƙe fitsari da rana abu ne da ake koya wa yaro, domin idonsa biyu, yana jin matsuwa, yana kuma iya tuna abin da aka faɗa masa. Na dare kuwa ba a koyar da shi, sai jiki ya kai lokacinsa. Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki cikin jini idan mutum ya yi barci, wanda likitoci ke kira basofiresin, aikinsa shi ne ya sa ƙoda ta rage yawan fitsarin da take tacewa da dare, kuma a jikin yara da yawa wannan tsari bai gama daidaita ba a shekarun farko. Ga shi mafitsarar yaro ƙarama ce, ga nauyin barci, har saƙon da mafitsara ke aikawa cewa ta cika ba ya isa ya farkar da shi. Al'amarin kamar fitowar haƙora ne, wani yaron yakan yi da wuri, wani ya makara, kuma babu tsawar da za ta gaggauta shi.

Shi ya sa likitocin yara ba sa ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala kafin yaro ya cika shekara 5. Ko a wannan shekarar ma, kimanin yara 15 cikin 100 suna yi, kuma duk shekara kusan 15 cikin kowane 100 na masu yin suna dainawa da kansu ba tare da an ba su magani ba. Ya fi yawa ga yara maza, kuma yana bin gado ƙwarai: idan ɗaya daga cikin iyaye ya yi fitsarin kwance yana ƙarami, kusan yara 4 cikin 10 za su yi, idan kuwa uwa da uba ne duka, adadin yakan haura 7 cikin 10. Zai yi kyau uba ya tambayi mahaifiyarsa yadda shi ya taso kafin ya yanke wa ɗansa hukunci.

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa mun san abin da ake yi wa mai fitsarin kwance. A ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, yaran gida su bi shi suna tafi suna kiransa amalala, a wasu wuraren har kwaɗo ake ɗaura masa a ƙugu domin a tsorata shi. Na ga yarinya wadda ba ta kai shekara huɗu ba, ta farka tun kafin kiran sallar asuba, ta cire wandonta ta tura shi ƙarƙashin katifa, ta koma gefen da bai jiƙe ba ta dunƙule tana rawar sanyi, ba ta tayar da kowa ba saboda tsoron abin da zai biyo baya. Abin da hukunci ya koya mata ke nan, ɓoyewa, fitsarin kuwa bai tsaya ba.

Ba na raina wahalar uwa a nan. Wadda take sayen ruwa wurin 'yan garuwa, take wanke zanin gado da hannu, take neman ranar da za ta shanya katifa a tsakiyar damina, dole ranta ya ɓaci, balle ga damuwar najasa a ɗakin da ake salla. Amma addininmu ya nuna mana yadda ake raba najasar da yaron. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Ummu Ƙais bint Mihsan ta kawo wa Annabi (SAW) ɗanta ƙarami wanda bai fara cin abinci ba, yaron ya yi fitsari a tufafinsa, sai ya nemi ruwa ya yayyafa a wurin. An tsarkake tufafi, ba a ji an ɗaga murya ba.

Abin da ya fi sa ni rubuta wannan wasiƙa shi ne wata dabara da ake ganin ba ta da illa, wato hana yaro shan ruwa tun daga la'asar. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar amosanin jini, wato sikila, a duniya, inda ake haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara. Cutar tana taɓa ƙoda tun yaro yana ƙarami ta yadda ba ta iya riƙe ruwa yadda ya kamata, saboda haka fitsarinsa yakan yi yawa dare da rana, kuma fitsarin kwance yakan daɗe masa fiye da sauran yara. Irin wannan yaro ruwa ne garkuwarsa, domin ƙarancin ruwa a jiki yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar masa da ciwon ƙashi har a kwana a asibiti. Uwar da ta hana shi ruwa a watan Afrilu, lokacin da zafi yake kan ganiyarsa, domin ta tsirar da katifa, tana jefa shi cikin haɗari ba ta sani ba. Ko yaro mai cikakkiyar lafiya ma, abin da ya dace shi ne a ba shi ruwa sosai da safe da rana, a rage kunu da shayi da lemon kwalba gab da kwanciya, amma idan ya ce yana jin ƙishirwa a ba shi.

Akwai kuma alamomin da ke nuna lokacin zuwa asibiti ya yi, ko da shekarun yaron ba su kai biyar ba. Idan yana kuka lokacin fitsari, ko fitsarin ya yi wari da zazzaɓi, ana iya samun ƙwayar cuta a mafitsara. Jini a ƙarshen fitsari alama ce ta tsargiya, wadda ta yi yawa a garuruwan noman rani da yara ke wasa a ruwan madatsa da magudanai, kuma tana da magani. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari tare da rama na iya zama ciwon suga, wanda ba ya jiran gobe. Taurin bayan gida ma yana matse mafitsara, kuma iyaye ba su cika danganta shi da fitsarin kwance ba. Idan kuma yaro ya yi wata shida ba ya yi sannan ya dawo, a duba jikinsa, a kuma duba abin da ya canza a rayuwarsa, ko an yi masa ƙani, ko an kai shi wani gida riƙo, ko iyayensa sun rabu.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ya rage sauƙaƙa wa juna ne. A sa yaro ya yi fitsari kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, a ajiye masa fo da tocila kusa da shimfiɗa, domin babban mutum ma yakan yi nauyin ratsa tsakar gida cikin duhu. Wanda yake da halin saka wa yaro famfas da dare ya saka, ba zai warware abin da ya koya da rana ba. Tayar da shi tsakar dare yana rage wanki, sai dai ba shi ne ke sa jiki ya girma ba. A guji jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kemis, domin maganin da ake da shi na manyan yara ne, kuma likita ne ke rubuta shi.

Ina roƙonka, Malam Edita, ka gayyato likitan yara daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya amsa tambayoyin iyaye a kan wannan batu a shafinku na lafiya. Ina kuma kira ga ma'aikatan jinya su riƙa saka shi cikin bayanin da suke yi wa mata ranar rigakafi, musamman maganar ruwa ga yara masu sikila.

Wassalam.

Wata uwa mai karanta jaridarku, daga Zariya