Rumfar Kwalekwale Ba Rumfar Keke Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu walda da kuma masu kwalekwale, tun kafin hadarin farkon damina ya fara haɗowa.

Ni mai walda ne a Tudun Wadan Zariya. Aikina ƙofofi da tagogi, gyaran bodin Keke Napep, da ƙarafan rumfunan biki da ake bayarwa haya. Kwanan nan wani sabon aiki ya fara shigo mana. Mai kwalekwale zai zo da waya a hannu, ya nuna maka bidiyon wani ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa a Amurka, da rumfa a kansa mai buɗewa da naɗewa, ya ce irinta yake so. Wasu daga bakin kogin Galma suke zuwa, ta wajen Dakace, wasu daga madatsar Shika. Ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya taɓa wuni a kan ruwa cikin watan Maris ko Afrilu ya san rana biyu ake sha, ta sama da wadda ruwan ke mayar maka a fuska. Mai fito kuma ya san mace mai goyo za ta fi son jirgin da ke da inuwa, kuma kwandon tumatirin fadama ba ya son rana.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke karɓar aikin. Mun saba da keke, sai mu ɗauki tef mu auna tsawo da faɗi, mu yanko fayif, mu kafa ƙafa huɗu ko shida, mu ɗaure da walda ƙam, a shimfiɗa tamfol, a karɓi kuɗi. A keke wannan daidai ne, domin tayoyinsa uku suna kan ƙasa, ƙasa kuwa ba ta gocewa. Kwalekwale ba abin da ke riƙe da shi sai faɗin cikinsa da nauyin da ke ƙasa-ƙasa. In ya karkata dama, ɓangaren daman ya ƙara shiga ruwa, ruwan ya turo shi ya miƙe. Wannan turowar ita ce ransa gaba ɗaya, kuma a jirgi siriri ba ta da yawa. Duk kilo ɗaya da ka ɗora sama da kan mutane yana rage ta, domin da zarar jirgi ya karkata, nauyin nan na sama yana bin karkatar ne, yana ƙara jan ta.

Bari in kawo abin da ke hannuna kullum. Fayif mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, mai matsakaicin kauri, kowace mita tana kai wajen kilo ɗaya. Rumfar da za ta rufe rabin kwalekwale, da ƙafafunta da sandunan gicciye, tana cin mita ashirin ba tare da an yi almubazzaranci ba. Kilo ashirin ke nan, ba a sa tamfol ba, kuma yawancinsa a can sama yake. Alminiyam mai girma ɗaya da wannan ƙarfen nauyinsa kusan kashi ɗaya bisa uku ne, shi ya sa rumfunan da ake gani a bidiyon da shi ake yin yawancinsu. Amma alminiyam ya fi tsada, kuma injin waldar da yawancinmu ke da shi ba ya kama shi, sai dai a haɗa da noti da rabit. Saboda haka mai walda yakan yi shiru ya sa abin da ya iya. Wannan shirun ne nake so mu daina.

Nauyi ma da sauƙi a kan iska. Wani malamin injiniya da nake yi wa aikin gida ya zauna a bencin shagona ya buga mini lissafin a bayan takardar siminti. Ya ce ƙarfin da iska ke turawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: in gudun ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Iska mai gudun kilomita 36 a awa tana tura kowace murabba'in mita da wajen kilo 6. In ta kai kilomita 72, ya zama wajen kilo 24. To ka ɗauki mai jirgin da ya ce a sa masa labule a gefe saboda rana ta yamma, mita biyu tsawo, mita ɗaya faɗi. Iskar gaban hadari ta bugi wannan labulen, turin ya kai nauyin buhun siminti, kuma ba a ƙasan jirgi ba, a saman kawunan fasinjoji, ta gefe, cikin ƙiftawar ido.

Wani zai ce ai tasa ba ta da labule, shimfiɗe take, iska za ta bi ta ƙasa ta wuce. Haka ne muddin jirgin na tsaye cak. Amma kwalekwale ba ya tsayawa cak. Da ya ɗan karkata, rumfar ta ɗaga gefe ɗaya ta nuna wa iska cikinta, iskar ta samu wurin kamawa, ta ƙara karkatar da shi, cikin rumfar ya ƙara buɗewa. Abu na ciyar da abu har ruwa ya fara shigowa ta baki. Mu mutanen Zariya mun san iskar nan. Ita ce ta watan Afrilu da Mayu, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura kafin ɗigon farko ya sauka, wadda ke yaye kwanon gidaje a Sabon Gari da cikin birni duk shekara. Abin da ya ɗaga kwanon da aka buga da ƙusa, me zai hana shi ɗaga tamfol a kan ruwa?

Shi ya sa naɗewar ita ce amfanin wannan rumfa, ba ado ba ce. Waɗanda suka ƙirƙiro ta sun yi ta da ƙarafa biyu ko uku masu lanƙwasa kamar baka, duka sun haɗu a wuri ɗaya a kowane gefen jirgi, inda noti ɗaya ke riƙe da su suna juyawa. Igiya biyu a gaba, biyu a baya, su ke ɗaure ta ta tsaya. Ka saki na gaba, duka ta kwanta baya. Su kansu masu sayar da ita suna gargaɗin a naɗe ta in iska ta tashi ko in za a yi gudu sosai da inji. Mu kuwa mun kwaikwayi siffar mun bar dabarar. Na ga wadda aka yi a nan, mai ita yana alfaharin cewa mai naɗewa ce, amma sai an nemo sifana mai lamba 13 an kwance noti takwas. Notin kuma sun yi tsatsa tun watan farko. Tsakanin ganin hadari ya yi baƙi da isowar iskarsa, sau da yawa ko alwala mutum ba zai gama ba. Rumfar da matuƙi ba zai iya kwantar da ita da hannu ɗaya yana zaune a mazauninsa ba, kafaffiya ce, ko me aka kira ta.

Akwai kuma ruwan sama kansa. Tamfol in ya sha rana yakan saki, ya yi ciki a tsakanin ƙarafa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kowa ya sani. A rumfunan biki na sha ganin ruwan da ya taru a cikin tamfol ya fi jarka guda, har ya lanƙwasa ƙarfe, sai yara sun zo da sanda sun tokare shi ya zube. A ƙasa abin dariya ne. A kwalekwale wannan jarkar tana saman kai, tana gangarawa duk ɓangaren da jirgin ya karkata, in kuma ta zube, cikin jirgin za ta zube, ta haɗu da wanda ke ƙasa yana kai-kawo. Dole saman rumfa ya yi tudu a tsakiya, tamfol ɗin ya ɗaure tamau.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro ba ƙarfe ba ne, hannun mutum ne. A kwalekwalen da ba rumfa, in ya yi tangaɗi, kowa durƙushewa yake yi ya riƙe bakin jirgi, nauyi ya koma ƙasa, wanda shi ne daidai. Ka kafa sanda a gefen mutum, wallahi sandar zai kama. Wani ma miƙewa zai yi ya rataya a jikinta, wani ya rataye jakarsa ko buhunsa a ƙarfen sama tun daga bakin gaɓa. Ƙato mai kilo saba'in ya ja sandar da ke tsaye a bakin jirgi, ai ya gama da kowa. Kuma in ƙaddara ta faɗa jirgin ya kife, rumfar da ke sama ta koma ƙasa, mutane na tsakaninta da jirgin, ga ƙarafa, ga igiyoyi, ga tamfol, ga manyan riguna da hijabai. Ko wanda ya iya ruwa sai ya nemi hanyar fita cikin duhu. Wannan kaɗai ya isa a haramta labulen gefe.

Ba na cewa rumfa ce ta jawo haɗurran da muka yi kuka a kansu. Na Warrah a jihar Kebbi cikin watan Mayun 2021, da na Bagwai a jihar Kano cikin Nuwamban 2021, inda ɗaliban Islamiyya suka taso daga Badau za su Mauludi, da na Patigi a jihar Kwara cikin Yunin 2023 da ya ci sama da mutum 100 'yan dawowa daga biki, abin da aka fi ambata a kansu shi ne lodi fiye da kima, tsufan jirage, tafiyar dare da rashin rigar ruwa mai hana nutsewa. Allah Ya jiƙansu. Abin da nake cewa shi ne jiragenmu sun riga sun saba tafiya bakinsu saura ɗan taƙi ya taɓa ruwa. Jirgin da ke wannan hali ba shi da rarar da zai ɗauki sabon nauyi a sama. In za a sa rumfa, to a rage fasinja, kuma na san wannan ce maganar da mai fito ba ya son ji, don inuwar ma ya sa ta ne domin ya ƙara samun mutane.

Wani dattijon masunci da ya zo gyaran injin ban-ruwa ya ji muna wannan gardama da wani saurayi mai son rumfa. Saurayin na cewa, "Baba, ai tun da na ɗora ta jirgin ya daina girgiza da sauri, a hankali yake lilo, har daɗi." Dattijon ya ce masa, "Yaro, wannan daɗin shi ne ciwon. Jirgi mai lafiya in ka taka gefensa ka ɗaga ƙafa, zabura yake yi ya dawo. Wanda ke dawowa yana nazari, wata rana ba zai dawo ba." Da na faɗa wa malamin injiniyan nan, ya ce haka yake a littafinsu ma: jinkirin lilo alama ce ta raunin tsayuwa.

Gwajin kuwa ba ya buƙatar kuɗi. A kai jirgin inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a zuba buhunan yashi a madadin fasinjoji, a matsar da buhu ɗaya zuwa gefe, a sa alli a inda ruwa ya kai. A ɗora rumfar, a sake. In karkatar jirgin ta ƙaru sosai, an samu amsa tun ba a ɗauki ɗan kowa ba. Sannan a sa matuƙin ya naɗe ta yana zaune, a ga ko zai iya.

Ni dai ga ƙa'idar da na sa wa shagona. Kwalekwalen sassaƙe na masunci, siririn nan da mutum biyu ba sa zama kafaɗa da kafaɗa a cikinsa, ba na yi masa rumfa ko nawa za a biya. Malfa ta ishe shi, da ita kakanninsa suka yi su. Jirgin katako mai faɗin ciki ina yi masa, amma gajeriya, daidai kan mutum a zaune da ɗan rata, kada faɗinta ya wuce bakin jirgin, kada ta rufe inda matuƙi ke aiki da gora ko filafili, da alminiyam ko fayif mafi sirantaka, yadi mara nauyi a sama, gefe a buɗe. Wurin juyawar kuma a jikin katako mai ƙwari ake ɗaure shi da noti mai ratsawa, ba ƙusa ba, don ƙusa a jiƙaƙƙen katako ba ta da alƙawari. Na rasa ciniki saboda wannan, wasu sun tsallaka shagon gaba an yi musu yadda suke so.

Shi ya sa na kawo maganar jarida, don abin ya fi ƙarfin shago ɗaya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, tana ta wayar da kai a kan rigar ruwa da lodi da tafiyar dare. Ina roƙon ta ƙara batun abin da ake kafawa a kan ƙananan jirage. Mu a Zariya kuma ba mu da uzuri. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, a hanyar Basawa, ga tsangayar injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello da madatsar Kubanni a bayanta, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Ɗalibai na neman aikin kammala karatu kowace shekara. Ɗaya daga cikinsu ya auna kwalekwalen da ake amfani da su a Galma, ya fitar mana da takarda guda da Hausa: jirgi mai faɗi kaza, rumfarsa kada ta wuce tsawo kaza da nauyi kaza. A raba wa ƙungiyar masu walda, a kai wa Sarakunan Ruwa, don su ne masu jirgi ke jin maganarsu. In an tashi gwajin, ƙarfe da aikin hannu na rumfar farko ni zan bayar.

Wassalam.

Naka,
Mai walda,
Tudun Wada, Zariya.