Rahoton ayyukan kungiyarmu na shekarar 2024

Assalamu alaikum yan uwa mambobi, ga bayanin abinda muka yi bana kan makamai masu sarrafa kansu, wato wadanda ke zabar wanda zasu harba ba tare da dan adam ya danna komai ba.

Mun shigo shekarar ne da jimamin Tudun Biri, inda jirgi maras matuki ya saki bam kan masu Mauludi ranar 3 ga Disamba 2023, akalla mutum 85 suka rasu, Allah ya jikansu. A zamanmu na farko wani malami daga cikinmu ya tsaya kan abu daya, yace wancan jirgin mutum ne ke juya shi daga nesa shi yasa aka samu wanda za a tuhuma har sojoji suka amsa cewa kuskurensu ne, to in na'ura ce ta yanke hukunci da kanta hakkin jinin a wuyan wa yake, wanda ya rubuta manhajar ko kwamandan da ya kunna ta ya juya baya? Wallahi dakin yayi tsit. Masu ganin abin yana nesa damu mun nuna musu rahoton kwararrun Majalisar Dinkin Duniya na 2021 kan Libiya, inda aka ambaci jirgin Kargu-2 kirar Turkiyya da ya bi mayaka yana farautarsu, kuma Libiya makwabciyar Nijar ce fa.

Aikin da yafi cin mana lokaci shine mayar da kudurin Majalisar Dinkin Duniya na Disamba 2023 kan wadannan makamai zuwa Hausa, wanda kasashe 152 suka goyi baya, muka nade shi da murya muka tura a WhatsApp saboda wadanda basa karatun boko. Mun kuma bibiyi taron kasashen ECOWAS a Freetown cikin Afrilu, wanda ya nemi a kafa doka. A wannan Disamban kasashe 166 ne suka amince da sabon kuduri, amma kuduri baya daure kowa, a Geneva tun 2014 ake ta zama babu yarjejeniya saboda sai kowa ya yarda. Babban sakataren Majalisar Dinkin Duniya Guterres da shugabar Red Cross sun nemi a kammala yarjejeniyar zuwa 2026.

Badi in Allah ya kaimu zamu rubuta wa yan majalisarmu takarda, kuma muna neman masu iya shiga rediyo. Wadanda ake bin kudin wata dan Allah su ga ma'aji kafin zaman Janairu.