Saƙon maido da kuɗin haraji: a yi hattara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan kasuwa da ma'aikata a kan wani saƙo da ke yawo a akwatunan imel, wanda yanzu ya gangaro har cikin WhatsApp. Yakan zo da Faransanci, ɗauke da tambari mai kama da na hukuma, yana cewa an duba lissafi an tarar ka biya haraji fiye da abin da ya hau kanka, don haka za a maido maka da jika tamanin ko ɗari, muddin ka latsa wani wuri ka cike bayananka kafin kwana biyu.

Wannan riga ba a jikinmu aka auna ta ba. A Faransa mutum yakan bayyana kuɗin shigarsa kowace shekara, kuma idan an cire masa fiye da kima, hukuma takan zuba ragowar a asusunsa na banki wajen ƙarshen watan Yuli. Mutanen can sun saba jiran wannan kuɗi, shi ya sa 'yan damfara suka ƙirƙiro musu saƙon, har ma wasu daga cikin waɗanda ke iso mana ba a ko goge maganar kuɗin Yuro a cikinsu ba. Mu a Nijar, harajin ma'aikaci, wato ITS, ana cire shi daga albashi tun kafin ya shiga hannu, harajin sayen kaya, wato TVA, na kashi 19 cikin 100 yana cikin farashin kaya, ƙaramin ɗan kasuwa kuma yana biyan nasa a ba shi takardar shaida. Mutumin da bai taɓa ba ofishin haraji adireshin imel ɗinsa ba, ta yaya ofishin zai neme shi ta can?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda dabarar ta dace da rayuwarmu a nan Tawa. Gidaje da yawa suna dogaro da aiken 'yan ci-rani daga Abijan ko Libiya, saboda haka ganin saƙon kuɗi da lamba a waya ba baƙon abu ba ne, kuma dattijon da ba ya karanta Faransanci yakan miƙa wa yaro wayar ya ce a duba masa. Yaron yana ɗokin kai wa baba albishir, sai ya cike komai, daga lambar katin banki har lambar sirri ta Airtel Money ko Moov Money. Wani lokaci ma ba a tsaya nan ba, sai a kira da murya mai ladabi a ce a turo jika biyar na kuɗin dosiye, gobe a ƙirƙiro wani dalilin. Hukumar da za ta maido maka da kuɗi ba ta bukatar lambarka ta sirri, domin da wannan lamba cire kuɗi ake yi, ba zubawa ba. Duk wanda ke da shakka, ya taka ƙafa zuwa ofishin haraji da takardunsa ya tambaya, ko ya duba ko adireshin imel ɗin da ya aiko saƙon ya ƙare da gouv.ne, kamar na hukumomin gwamnati, ko da yake sunan mai aikowa ma ana iya yin jabunsa.

Muna da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 da ke hukunta laifuffukan intanet, amma kunya tana hana waɗanda aka cuta kai ƙara, musamman magidanta da ke tsoron a ce kwaɗayi ne ya ja su. Ya kamata su adana saƙon da lambar da aka kira su da ita, su sanar da bankinsu ko kamfanin wayarsu nan take, sannan su je wurin 'yan sanda.

Ina kira ga Babbar Hukumar Haraji ta ƙasa, DGI, da ta riƙa yin sanarwa a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, ta faɗi ƙarara hanyoyin da take tuntuɓar masu biyan haraji, musamman a gidajen rediyon karkara da ake saurare a ranakun kasuwa.

Na gode.

Wani mai karatu, daga Tawa