Zuwa ga Edita: a bar wa malamai zaurensu na WhatsApp

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya shafe mu malaman firamare a nan Sakkwato, don na lura duk sanda anka tashi zancen gyaran ilimi sai ka ji bita, bita, kamar in ba a tara mu ɗakin taro an raba mana ruwan leda da alawus ba malami ba ya ƙaruwa.

Ni dai shekarata goma sha huɗu da alli a hannu, NCE na yi a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, kuma bita kam na sha ta. Ban ce ba ta da amfani ba, ko shirin Mu Karanta da anka kawo Sakkwato da Bauchi don koya wa yara karatu da Hausa mun ƙaru da shi ƙwarai. Amma kwana uku ko biyar an watse kowa ya kama gabansa, ranar da ka tsaya gaban aji cike maƙil darasi ya cije maka ba ka da wanda za ka waiwaya ka tambaya, hedimasta na fama da nashi, abokin aikinka na can ya haɗa aji biyu shi kaɗai.

Namu zauren ba da wata manufa munka buɗe shi ba. Lokacin korona ne, da anka rufe makarantu a watan Maris na 2020, wani abokina ya tara mu a WhatsApp don mu riƙa jin labarin albashi da ranar komawa aiki. Gaisuwar Juma'a da sitika da "an ga alat?" su ne kawai a ciki. Sai bayan an koma makaranta, wata rana da dare na cire kunya na rubuta cewa ni fa ragi mai aro ya gagare ni koyarwa a aji uku, in na ba su 52 a cire 17 sai su juya su cire 2 daga 7 su kawo mini 45, na yi bayani har muryata ta dushe. Wallahi bayan na tura sai da na so in goge.

Da safe na tarar da saƙon murya na minti biyu daga wata Malama da ke koyarwa wajen Bodinga, ban taɓa ganinta ba har yau, kana jin ƙarar turmi da kukan akuya a bayanta. Ta ce Malam daina wahalar da kanka da allo, ka sa kowane yaro ya zo da tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma da roba. 52 ɗauri biyar ne da tsinke biyu. Ka ce yaro ya ba ka bakwai, zai duba ya ga biyu gare shi, ka yi shiru kar ka gaya masa komai, da kansa zai kwance ɗauri ɗaya. To wannan kwancewar ita ce aron. Ta haɗo da hoton tsinkayen a kan tabarma. Ranar Litinin na gwada, wani yaro da ke zama can baya wanda ban taɓa jin muryarsa a darasin lissafi ba shi ya fara cire robar, ya ɗago yana dubana ko zan yi faɗa. Kafin a tashi tara rabin ajin sun kama.

Daga nan zauren ya canza. Masu aji ɗaya suka riƙa turo yadda suke koyar da sautin haruffa, wani ya ɗauki hoton allonsa ya ce a duba masa kuskure, masu shirin jarabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN wadda da kwamfuta ake yinta sunka riƙa yi wa juna tambayoyi da dare, don akwai waɗanda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Munka kafa doka biyu kacal, ba siyasa, ba tura saƙon "ka tura wa mutum goma".

To ga inda gizo ke saƙar. Wani daga cikinmu da kyakkyawar niyya ya saka wani babban jami'i a ciki, wai ya ga ƙoƙarin da muke yi. Malam Edita, mako ɗaya bai cika ba zaure ya koma fada. Daga "ranka ya daɗe" sai "Allah ƙara girma Yallaɓai", sai takardun sanarwa da hotunan taro. Wani malami da ya taɓa cewa bai iya raba dogon lissafi ba, da anka zo duba makarantarsu sai anka yi masa zancen a gaban abokan aiki cikin raha. Raha ce a wurin mai faɗa. Tun ranar ba wanda ya sake cewa ban sani ba, kuma zauren da ba a cewa ban sani ba mi za a yi da shi? Sai munka sulale ɗaya bayan ɗaya munka buɗe sabo, mu talatin da 'yan kai, kuma mun ƙi yarda ya wuce haka duk da WhatsApp na ɗaukar mutum sama da dubu a zaure ɗaya. In taro ya yi yawa mutum biyar ke surutu sauran su zama 'yan kallo.

Wani lokaci har dariya nake yi in na ji ana kawo wanga abu kamar sabon ilimi daga Turai. A garin Nana Asma'u 'yar Shehu? Ita da ta rasu tun 1864 ta riga ta kafa 'Yan Taru, jajis, wato matan da ke jagorantar ƙungiyar, na zuwa wurinta daga ƙauyuka su ɗauki karatu, a naɗa musu malfa, su koma su koyar da mata a gidajensu, su sake dawowa da tambayoyi. Su da ƙafa sunka yi, mu waya ta rage mana tafiyar kawai.

Ita ma wayar ba kowa ta isa ba, kar in yi ta yabo. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, akwai malaman da sai ƙarshen wata suke leƙowa su tarar da saƙo ɗari uku. Shi ya sa munka hana bidiyo mai nauyi, murya da hoto sun wadatar. Malamai mata da yawa ƙaramar waya gare su, sai maigida ya dawo da dare su ari tasa. A 2021 da anka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga, abokan aikinmu na wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo ɗif munka daina jinsu, alhali su ne sunka fi kowa buƙatar mai tayawa, don su ke koyar da yaran da anka taso daga garuruwansu.

Roƙona ga masu ruwa da tsaki, da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha SUBEB da ƙungiyarmu ta malamai NUT, ba wai su buɗe mana zaure na hukuma su naɗa admin ba, sanarwa tana da nata wurin. In da hali a cikin kuɗin da ake warewa don horar da malamai a tsakuro ɗan wani abu na data duk wata, a sa sola ko guda a makarantun da ke tsakiyar shiyya don malami ya daina kai wayarsa wurin mai caji a kasuwa, sannan a ba mu rana ɗaya a zango mu haɗu ido da ido mu kaɗai ba babban baƙo. Ku kuma 'yan jarida ko ɗan gurbi ne a ware mako-mako malami ya aiko da dabarar da ta yi masa aiki a aji, mai ƙaramar waya ma wani ya karanta masa.

Ita Malamar Bodinga ta ce in an yi hutun wanga zango za ta shigo gari ganin gida, mun yi da ita za ta nuna mana yadda take koyar da rabi da sulusi da rubu'i da karan dawa. Ni anka ɗora wa nemo tabarmi da ajin da za mu zauna.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin aji uku, Sakkwato