Bayan hoton sa hannu, wa ke fitar da kwantena daga tashar Jidda?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna rubuto maka daga Jidda, mu da sana'armu ita ce fitar da kaya daga kwastan da dillanci tsakanin 'yan kasuwar gida da na nan. Tun taron Saudiyya da ƙasashen Afirka da aka yi a Riyad a watan Nuwamba na 2023, wanda Shugaba Tinubu ya halarta, duk tawagar da ta zo sai mun ga hotonta a jaridarku ana musabaha ana sa hannu. Babu laifi. Labarin da ba mu gani shi ne na yadda buhun riɗi ko soɓorodo zai tashi daga Dawanau, ya ratsa tashar Jidda, kuɗinsa ya koma banki a Kano. A wannan tsakanin ciniki ke mutuwa, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne.

Takardu su ne farkon tuntuɓe. A gida, mai fitar da kaya sai ya yi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ya buɗe fom ɗin NXP a bankinsa, wanda ake bin sawun kuɗin kayan da shi, ya karɓi shaidar lafiyar amfanin gona daga hukumar NAQS, da shaidar feshi, da takardar asalin kaya. A nan kuwa mai karɓa dole ya zama kamfani mai sijili, wato rajistar kasuwanci, wanda hukumar abinci da magunguna ta SFDA ta san da shi, kuma ana shigar da bayanan kayan ta manhajar Fasah tun jirgi bai iso ba. Kayan da ba na ci ba, irin su takalma da jakunkunan fata, ta manhajar Saber suke bi. Rubutun jikin buhu sai da Larabci, da ƙasar da kayan suka fito da kwanan wata. Harajin VAT kashi 15 cikin 100 ne tun 2020, kuma da yawa kan manta da shi wajen lissafi. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunan da ke kan rasit da na takardar lodin jirgi, ko nauyi ya saɓa, kwantena ta zauna, kamfanin jirgi na ƙirga kuɗin jinkiri kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya: a aiko wa mai karɓa kwafin kowace takarda ya duba tun kaya na sito.

Sai ingancin kayan, inda muka fi jin kunya. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar riɗi kusan tan 19. Mai saye yana son tsabta ta kai kashi 99 cikin 100, laima kada ta wuce 6 zuwa 7. Riɗin Jigawa yakan baro gida a bushe ƙayau, amma a Legas ake loda shi cikin iska mai ɗanshi. A teku ƙarfen kwantena ya ɗau zafi da rana, ya huce da dare, gumi ya taru a rufinta ya riƙa ɗiga kan buhunan sama. Kafin a iso sun yi funfuna, gwaji kuma ya nuna gubar afulatoksin. Maganin ba tsada: a shimfiɗa kwali a ƙasa da jikin bango, a rufe saman kaya da takarda mai kauri, a rataya jakunkunan tsotse laima. Shanya a ƙasa ko bakin kwalta, inda kaji da awaki ke bi ta kai, ita ke kawo ƙwayar cutar salmonela. Zuba maganin ƙwari kai tsaye cikin buhu kuwa, ɗakin gwaji ba ya kuskure shi. Kayan da suka faɗi gwaji ko dai a mayar da su ko a lalata, kuɗin kuma a wuyan mai kaya. Mafi muni shi ne a aiko samfur da aka tsince da hannu, sannan kwantena ta zo da yashi da tsakuwa. Manyan masu saye a Jidda sun san juna, kuma sunan ƙasa suke riƙewa, ba na ɗan kasuwar da ya yi ba.

A tuna ba mu kaɗai ba ne a kasuwar. Riɗin Gadarif da soɓorodon Kurdufan na ƙasar Sudan sun daɗe a nan, tashar Bur Sudan kuma tsallaken Bahar Maliya ce kawai. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 (Allah Ya kawo ƙarshensa, akwai dangin da yawa daga cikinmu a can) ya sa masu saye duba wasu wurare, amma Indiya da Habasha ma suna layi. Kuma a duba inda Saudiyya ke zuba kuɗinta: a 2022 kamfaninta na zuba jari a noma, SALIC, ya sayi kusan kashi 35 cikin 100 na kamfanin cinikin amfanin gona Olam Agri a kan dala biliyan 1.24. Wanda ke da sito da injin tacewa da tsari suke nema.

Batun kuɗi gajere ne. Riyal na ɗaure da dala a kan riyal 3.75 kowace dala tun 1986, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ba ta da wurin zama, don haka a yanka farashi da dala, da ranar da tayin zai ƙare. Da sabon abokin ciniki, ko dai lamunin banki, ko ya ba da kafin alƙalami ya cika saura idan ya ga kwafin takardar jirgi. Karɓar kuɗi ta hannun 'yan canji yana da sauri, amma yana barin NXP a buɗe, alhali ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta ce kuɗin su dawo cikin kwana 180. ICIEC, reshen Bankin Raya Ƙasashen Musulmi mai inshorar bashin kasuwanci, nan Jidda yake, Najeriya kuma mamba ce a bankin tun 2005.

Akwai tarkon da ke cin mutanenmu: buɗe shago ko kamfani da sunan ɗan ƙasa alhali dukiyar ta baƙo ce. Tasattur ake ce masa. Dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗauri har shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 5, baƙon kuma a kore shi. Ko ba a kama ba, ranar da mai sunan ya rasu, dukiyar ta magadansa ce a takarda. Hanyar halas ita ce ta Ma'aikatar Zuba Jari ta Saudiyya, ko a tsaya a matsayin mai sayarwa daga gida. Bizar Umara ma ba ta ciniki ba ce. Ta kasuwanci galibi sai da gayyatar wani kamfani na nan.

Zaman majalisa kuwa yana da nasa ladabi. Zaman farko na gahawa da dabino ne, ana tambayar iyali da gari, ana auna mutum. Wanda ya zaro takardar farashi kafin a zuba masa kofi na biyu ya nuna a matse yake, za a kuwa taya masa da arha. A karɓi kofi da dama, in an ƙoshi a ɗan girgiza shi. A kira mutum da alkunyarsa, Abu wane. Sau da yawa manajan da ke magana da Turanci ba shi ke yanke hukunci ba, dattijon da ya yi shiru a gefe shi ne mai gida. Ofisoshin nan Lahadi zuwa Alhamis suke aiki, bankunan gida Litinin zuwa Juma'a, ga tazarar awa biyu: kwana huɗu kacal ake haɗuwa a mako. Da azumi da lokacin Hajji komai yakan lafa.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne tawagogi na zuwa da tafinta daga Abuja, alhali Hijaz, yankin Makka da Madina da Jidda, cike take da jikokin mahajjatan da suka zo ta Sudan tun zamanin tafiyar ƙasa. Masu sunan Hausawi da Barnawi da Fallata 'yan ƙasa ne, wasu na aiki a bankuna da kamfanoni, da yawa har yau da Hausa suke magana da iyayensu, sun san wa ke biya wa ke ja. Ba mu ga ana neman su ba.

Roƙonmu ga ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda shi ne ya ware jami'in ciniki mai jin Larabci, ya zauna da waɗannan 'yan uwa, ya tara sunayen kamfanonin da aka tantance sijilinsu, ya fitar da ƙa'idojin SFDA da Hausa don 'yan Dawanau da Maigatari. Kai kuma, Malam Edita, in tawaga ta gaba ta dawo, ka sa wakilinka ya koma wa jagoranta bayan wata shida ya tambaye shi kwantena nawa ta tashi, wane kaya, kuma an biya ko ba a biya ba.

Wassalam,
Wasu masu fitar da kaya da dillalai, Jidda.