Kada mu auna tsofaffin motocin iyayenmu a kan sikeli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda tsofaffin motoci masu tarihi suke ƙarewa a hannun 'yan gwangwan a nan Jos, ana daddatsa su ana ɗorawa a kan sikeli, kamar ba su taɓa zama abin alfaharin wani gida ba. Shekara uku ke nan ina gyaran ɗaya daga cikinsu a tsakar gidanmu, kuma abin da na gani da idona ya tabbatar mini cewa yawancin motocin da muke yanke wa ƙauna suna iya tashi, muddin aka bi su a hankali aka kuma san abin da ya kamata a sauya da abin da ya kamata a bari.

Motar tamu MGB ce ƙirar 1966, mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa baya. A garin Abingdon na ƙasar Ingila aka riƙa ƙera irinta daga 1962 zuwa 1980, har aka fitar da sama da 500,000. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi aikin akawu a wani kamfanin haƙar kuza a Bukuru, kuma ya saye ta ne daga hannun wani Baturen injiniya da ya gama aikinsa zai koma gida. Ya hau ta shekaru masu yawa, har lokacin da injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, sai aka tura ta ƙarƙashin mangwaro da niyyar gyarawa idan hali ya samu. A nan ta kwashe fiye da shekara talatin. Da aka zo rabon gado, wani ɗan gwangwan ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa bonet da ɗan yatsa, ya faɗi kuɗinta da lissafin kilo. A ranar na roƙi 'yan'uwana su bar mini ita in biya su rabonsu, suka amince.

Babban abokin gabar irin wannan mota shi ne tsatsa, kuma a nan ne na yi kuskuren da nake so masu karatu su guje masa. Tamfol ɗin ya riga ya ruɓe tun da daɗewa, don haka ruwan daminar Jos ya yi ta kwanciya a cikinta shekara da shekaru har ya cinye ƙasanta. Ita MGB ba ta da shasi daban kamar a-kori-kura. Jikinta ne yake ɗauke da kansa, kuma tun da ba ta da rufin ƙarfe da zai riƙe gaba da baya, dukkan ƙarfinta yana cikin dogayen ƙarafan da suke kwance a dokin ƙofa, dama da hagu. Ban san haka ba a lokacin, sai na bar wani matashin mai walda ya yanke duka biyun a yini guda. Da gari ya waye tsakiyar motar ta lotsa, ƙofofin suka ƙi rufuwa, saman kowace ƙofa yana gugar jiki. Na tafi Dilimi na ɗauko wani dattijon fanabita da ya yi aiki a kan motocin Ingila tun yana yaro. Ya tsuguna ya zura yatsa tsakanin ƙofa da jiki, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, kun zare mata ƙashin baya, kun kuma ce ta tsaya." Na ce, "Baba, akwai dabara?" Ya ce akwai, amma sai da haƙuri. Ya ɗaga tsakiyar da jak a hankali har tazarar ƙofa ta daidaita daga sama zuwa ƙasa, ya gitta ƙarfe a bakin kowace ƙofa ya ɗana masa walda, sannan ya yi gefe ɗaya ya gama kafin ya taɓa ɗayan, yana rataya ƙofar yana cirewa yana gwadawa. Ƙasan motar kuwa da hannunsa ya ƙera shi daga sabon faranti, yana bugu da guduma a kan kututturen itace. Aikin ya ci wata biyu, kuma ko sau ɗaya bai yarda a shafa fila a kan tsatsa ba, domin a cewarsa hakan tamkar ɗaure gyambo ne ba tare da an wanke shi ba.

Da aka zo kan inji, kusan duk wanda ya leƙo gidan shawararsa guda ce: a jefar da shi a sa injin Toyota ɗan Beljiyam, a huta. Na san masu faɗin haka alheri suke nufi, kuma ba na musun cewa zai fi sauƙi da araha. Sai dai a ganina, motar da aka raba da injinta ta zama wata mota dabam mai sanye da tsohuwar riga, domin muryarta da yadda take amsa totur su ne rabin abin da ya sa ake son ta. Injin nata mai silinda huɗu ne, girmansa 1,798cc, kuma babu wani abu a cikinsa da ya fi ƙarfin bakaniken da ya san aikinsa. Aka rarake silinda, aka sa sababbin fistin da ringi. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne har gobe ana ƙera kayan gyaran MGB a Ingila, kai hatta gangar jikinta sukutum an dawo da ƙera ta tun 1988. Abin da yake karya ƙarfin mutum shi ne canjin kuɗi da kuɗin aiko da kaya, shi ya sa nake tara buƙatuna in yi oda sau ɗaya, abin da za a iya ƙerawa a nan kuma in ba masu sana'ar gida.

Ranar da aka daidaita kafireta ba zan manta da ita ba. Guda biyu gare ta, irin waɗanda ake kira SU, kuma dole su riƙa shaƙar iska daidai wa daida. Tsohon bakaniken da ya yi aikin bai zo da wata na'ura ba. Guntun tiyo ya ɗauka, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kafireta, yana sauraren shaƙar wannan ya koma kan waccan, yana murɗa noti kaɗan-kaɗan har sautinsu ya zama ɗaya. Ya kuma rage mata mai, domin Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, iskarta ba ta kai ta bakin teku kauri ba, kuma idan aka bar saitin yadda ya zo sai filogi ya riƙa yin baƙi.

Ba ina cewa kada a sauya komai ba. Akwai sauye-sauyen da lafiyar mutum da dokar ƙasa suke wajabtawa, kuma na yi su ba tare da nadama ba. Motar ta zo da sitiyari a dama, domin a lokacin a hagu ake tuƙi a Nijeriya, kafin a koma dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Yanzu hukumar kiyaye haɗurra ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, kuma ko babu doka, wanda ya taɓa yunƙurin wuce tirela a hanyar Bukuru yana zaune a gefen da ba ya ganin mai tahowa ya san haɗarin abin. Na mayar da shi hagu, aikin da bai yi wuya ainun ba tun da masu ƙera ta sun tanadi gurbin ɓangarorin biyu saboda kasuwar Amurka. Na sa bel na ɗaure jiki. Wutarta ma na juya: ta zo da ƙananan batura biyu masu bolt 6 a bayan kujera, kuma kan batir mai alamar tarawa ne yake haɗe da jikin mota, saɓanin motocin yau, abin da yake rikita duk rewayan da bai saba ba. Na mayar da ita kan batir guda mai bolt 12 da altaneta a madadin dinamo. An kuma sa wa bawul mazauni mai tauri, domin an ƙera injin ne a zamanin fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa, sannan na ƙara fankar lantarki a gaban lagireto saboda cunkoson Taminus da ke tsakiyar Jos. Ƙa'idata a duk wannan ita ce kowane sauyi ya zama wanda za a iya warwarewa, don haka tsohon sitiyarin da dinamon da duk abin da aka cire suna nan a akwati, an shafa musu mai.

Abin da ya fi damuna, ya Edita, shi ne dattawan da suka tashi wannan mota duk sun haura saba'in, kuma yaran da ke garejinsu sun fi karkata ga motocin da ake jona wa kwamfuta, tun da nan abinci yake. Ba laifinsu ba ne. Amma idan babu tsohuwar mota da za a kawo musu, ba su da inda za su koyi bugun faranti ko sauraren kafireta. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya adana mana abubuwa da dama na zamanin kuza, sai dai abin hawa yana rayuwa ne idan ana tayar da shi ana hawa. Ina roƙon duk mai irin wannan mota a bayan gida, ko MG ce, ko tsohuwar Marsandi, ko Fijo 404, ya ɗaga ta daga ƙasa a kan bulo, ya rufe ta daga ruwa, ya nemi tsohon bakanike ya duba ta kafin ya saurari mai sikeli. Idan ba zai iya gyarawa ba, ya sayar wa wanda zai gyara. Ina kuma roƙon jaridarku ta riƙa zuwa Dilimi da Farin Gada tana tattaunawa da waɗannan dattawa tun suna raye.

Tawa dai saura rufi. Mai ɗinkin kujeru ya auna ƙarafan, ya ce zai kawo tamfol ɗin kafin ruwan farko ya sauka, kuma na yi wa mahaifiyata alkawarin ita zan fara ɗauka zuwa Bukuru, ta ga tsohon ofishin da ta riƙa aika wa maigidanta abincin rana.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
daga Unguwar Rogo, Jos.